Tsokaci a kan Kalmar "Bangaskiya" a Littafi Mai Tsarki

Wannan tsokaci ya shafi kalma guda a fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Dokta Walter Miller ya yi wa hidima tun zamansa a Zariya. Masu fassarar sun bar "imani", aron Larabci, suka ɗauki "bangaskiya". Ƙirarta irin ta bankwana da banhannu ce: akwai mai bayarwa, akwai wanda ake ba. Ke nan Kirista yana gaskata wani ne bisa shaidar da ya auna da hankalinsa, kamar yadda alƙali yake yi da mai shaida. A ganina zaɓin ya dace, domin ban da irin su Toma da suka gani da ido, sauran mabiya shaida ce ta iso musu.

Rauninta ya fito a sura ta 11 ta Ibraniyawa, inda aka haɗa bangaskiya da tabbaci. Bahaushe yakan ba mutum gaskiya yau, gobe ya janye, don haka kalmar ba ta kai yaƙini ba. Mai wa'azi da Hausa a majami'un Abuja, inda galibin masu sauraro koyon harshen suka yi, shi zai cike wannan giɓi da bayani.