Wai Me Ya Koro Ta?

A ƙasar Hausa in aka ga babba yana gudu, tambaya ɗaya ake yi: lafiya, me ya koro shi? In kuwa mace ce, to sai a ce ko gobara ce ta tashi a gidansu, ko ɗanta ne ya faɗa rijiya, ko kuma iska ce ta buge ta. Shi ya sa da 'yammatanmu suka fara ganin hotunan ƙungiyoyin gudu na Legas da Abuja a cikin wayoyinsu, ga mutane nan sun yi dafifi da sassafe suna sassarfa bisa kwalta ba tare da komai ya biyo su ba, sai magana ta rabu gida biyu. Wasu suka ce wannan ita ce wayewa, mu ma a kawo mana ita Yauri. Wasu kuma suka ce tir, rashin aikin yi ne da rashin kunya. Ni kuwa 'yar'uwa, duka ɓangarorin biyu ina da ja da su, sai ki gyara zama ki ji dalili.

Da farko, mece ce ma ƙungiyar gudun? Mutane ne ke yin alkawarin haɗuwa a wuri kaza, rana kaza, ƙarfe kaza, su yi gudu ko tafiya da sauri tare, in an gama a ɗan taɓa hira kowa ya kama gabansa. A Landan ta ƙasar Ingila akwai wata mai suna parkrun da aka fara a shekarar 2004 da mutum 13 kacal, yau ga shi ta bazu ƙasashe da dama har da Afirka ta Kudu. Kowace Asabar da safe suke yin kilomita 5, kyauta, kuma wanda ba ya iya gudu ya taka a ƙasa, har ma sukan ajiye mutum ɗaya wanda aikinsa shi ne ya tsaya a can ƙarshen layi don kada wani ya ji kunyar cewa shi ne kurar baya. A nan gida kuwa, tun 2016 ake yin babban tseren Legas mai kilomita 42, Kaduna ma ta yi nata na kilomita 21 a watan Nuwamba na 2020. Masu shirin shiga irin waɗannan tsere da masu neman rage teɓa su ne suka cika ƙungiyoyin birane.

To bari in fara da masu cewa a kwaso abin yadda yake a dire mana. Haba 'yammata! Zanen aro ai ba ya rufe katara. Abin da ya fi ɗaukar hankalin da yawanku a hotunan nan shi ne kambas mai tsada da agogon da ke ƙirga taku da matsattsun kaya da ɗaukar hoto ana murmushi. In wannan ne abin nema, to an mai da neman lafiya ya koma anko, wadda ba ta da kuɗin takalmi sai ta zauna gida tana kallo. Sannan wane magidanci ne a Yelwa ko Wara zai yarda matarsa ta fita da duku-duku tana cakuɗa da maza a gefen titi? Ko shi ya yarda, ina za ta kai bakin uwar miji da na maƙwabta? Ga kuma maganar tsaro, wadda ba ta wasa ba ce. Duk wanda ke ƙasar nan bai manta da ranar 17 ga Yuni, 2021 ba, ranar da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yammatan ba su dawo gaban iyayensu ba sai a 2023. Uwar da ta ga wannan da idonta, in ta hana 'yarta bin hanyar bayan gari kafin gari ya waye, wallahi ba za a kira ta baƙauya ba.

Amma fa masu cewa tir ɗin nan, su ma su tsaya mu yi 'yar magana. Ku ce motsa jiki baƙon abu ne ga macen Yauri? A tambayi tsofaffi. Kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai da garuruwa har aka tashi mutum sama da 40,000 aka sake musu matsuguni, Gungawa a tsakiyar kogi suke zaune, noman albasarsu da ban ruwa da hannu ake yi. Macen wancan lokaci ita ce daka, ita ce surfe, ita ce ɗibar ruwa, ita ce itace, ta kuma ɗauki kaya ta kai kasuwa da ƙafa. Har gobe matan ƙauyukan Ngaski da Shanga da na bakin tafki haka suke, su kam ba su da buƙatar wata ƙungiyar gudu, hutu ma suke nema. Kuma garin da duk lokacin bikin Rigata ake cika bakin kogi maƙil don kallon tseren kwale-kwale da na ninƙaya, ai ba za a ce mutanensa ba su san darajar tsere ba.

Da matan cikin gari nake, mu da zamani ya hutar. Injin niƙa ya karɓe turmi, injin markaɗe ya karɓe dutse, 'yan ga-ruwa sun karɓe tulu, in za a je barka ko da bayan layi ne sai a tsai da ɗan kabu-kabu. Babu mai son komawa waccan wahala, Allah Ya raba mu da ita. Sai dai akwai abu biyu da suka bi turmin suka tafi ba mu ankara ba. Na farko gumi. Na biyu kuwa taro, domin wurin daka da hanyar rafi nan ne mata ke haɗuwa a yi wasa da dariya, mai damuwa ta amayar da abin da ke cinta. Yanzu fa? Amarya tana cikin gida ita kaɗai an kulle get, daga kujera sai katifa, daga fim sai waya, ga lemon kwalba ga soye-soye. Shekara biyar ba a yi ba sai ki ji ana gwiwa, ana baya, ana haki in an hau ɗan tudu. Ki leƙa layin masu hawan jini da ciwon suga a asibiti ranar ganin likita, ki ƙirga masu goyo a cikinsu, sannan ki zo mu yi maganar ko motsa jiki rashin aikin yi ne.

Littattafanmu na soyayya ma suna da kaso a cikin wannan laifi. Yaya ake siffanta wadda ta dace da miji? Tana kishingiɗe a kan lallausar kujera, 'yan aiki na kai da kawo, ko tsinke ba ta ɗagawa, ta yi ɓul-ɓul ta murje, wai ita 'yar hutu. Wadda kuwa ke aikin ƙarfi ita ce wulaƙantacciya, ita ce bora. Yarinya ta karanta wannan tun tana aji biyu na sakandare, me zai hana ta ɗauka cewa zama shi ne daraja? Daga nan ne ake zarcewa ga ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe da ake ɗirka wa amare kafin biki, alhali wasunsu kumbura jiki kawai suke yi, su bar mutum da hawan jini da suga. Ana sayen cuta da kuɗi, ana gudun lafiyar da take kyauta.

Masu fakewa da addini kuwa, su koma wurin malamai su tambayi labarin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Ya zo a cikin littafin Abu Dawuda cewa ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wata tafiya, ta kuwa tsere masa. Bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya wuce ta. A ruwayar Imamu Ahmad har an ambaci cewa sai da ya sa jama'a suka yi gaba tukuna. Kin ga ke nan an nuna mana abin da kuma yadda ake yin sa: a motsa jiki, a yi nishaɗi, a kuma kiyaye sutura da idon jama'a.

To mene ne abin yi? Mu ɗauki ƙwayar mu zubar da ɓawon. Ƙwayar ƙungiyar gudu ita ce alkawari. Kowa ta san in ke kaɗai ce kika ce gobe za ki fara, goben nan ba za ta zo ba, amma in kin san mutum biyar na jiran ki a ƙofar gida, kunya ma ta isa ta tashe ki. Wannan kuwa ba sai Bature ya koya mana ba, ai da shi adashi yake tafiya. Yadda ake da uwar adashi, haka za a sami uwar tafiya, dattijuwa mai mutunci wadda mazan unguwa ke jin nauyinta. Mata shida ko goma na layi ɗaya sun isa. A nemi wuri mai katanga, kamar harabar Islamiyya ko filin makarantar 'yammata, a je wurin hukumar makarantar da mai unguwa a nemi izini da rana tsaka, kowa ya sani, don abin da aka yi a ɓoye shi ke jawo zargi. Lokaci kuma a zaɓi bayan an sallami yara makaranta, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin ƙasar nan ke gasa mutum. A riƙe gorar ruwa. Sutura ba ta gagara ba, dogon wando da riga mai yalwa da hijabi marar nauyi sun wadatar. Takalmi kam a guji silifas, kambas na gwanjo ya isa, in ma babu hali a yi masa ɗan adashi.

Kada kuma a ce dole sai gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Matsakaici shi ne tafiyar da za ta sa numfashinki ya ɗan ɗaga, kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa. Kin ga ashe hira ba ta ɓaci ba. Wadda ƙafarta ta saba, ta ga tana son sassarfa, bismilla. Wadda ba ta iya ba ta taka a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Mai ciki da mai jego da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da ya yi tsanani, su fara jin ta bakin likita ko nas tukuna. Doka ɗaya kawai zan roƙa a kafa: ban da gulma, ban da gasar kaya, ban da ɗaukar hoton matar wani a watsa a waya. Ranar da ɗaya daga cikin ukun nan ta shigo, ranar mazaje za su rufe ƙofa, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Ku kuma iyayen gida, don Allah a duba. Kuɗin maganin suga ya fi kuɗin kambas, kuma macen da ta fita ta yi gumi ta yi dariya da 'yan'uwanta, da sakin fuska za ta tarbe ka. Iyayenmu mata na cikin gida, in kun ga suruka ta ɗaura takalmi kada ku ce me ya koro ta. Abin da ya koro ta yana nan zaune a kan kujerar falonta, shi take gudu tun bai kama ta ba. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah Ya ba mu ita mai amfani, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, amin.