Gyara a Kan Wa'azin da Ake Yaɗawa Game da Baftisma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ɗalibaina sun kawo mini wani wa'azi da ke yawo a WhatsApp a nan Shuwak, inda mai wa'azin yake magana a kan bikin Timƙat na Kiristocin Habasha. Ba zan ambaci sunansa ba, maganar nake nufi. Ya ce wai ruwa suke bautawa, kuma baftisma wankan janaba ce da suke yi sau ɗaya a shekara. Duka biyun ba haka ba ne. Na kuma ji yaranmu sun fara yi wa 'yan Habasha masu zuwa aikin yankan riɗi ba'a da wannan magana, shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba.

Kalmar baftisma daga Girkanci take, ma'anarta nutsarwa cikin ruwa. Larabawa suna cewa ma'amudiyya. Yahudawa sun riga su yin wankan tsarki ta hanyar nutsewa. Kiristoci kuwa suna danganta nasu ga Annabi Yahaya (AS), wanda littafinsu ya ce ya riƙa nutsar da masu tuba a Kogin Urdun, har ya nutsar da Annabi Isa (AS). Wannan rana ce Habasha suke tunawa a ranar 19 ga Janairu, ko 20 a wasu shekaru, su taru a bakin ruwa, mafi shahara a garin Gondar. Kibɗawan Masar da na Sudan suna kiran ta Idil Giɗas. Ke nan biki ne na tunawa, ba sabuwar baftisma ba.

Ita baftisma a wurinsu sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, kamar yadda aƙidar da suka tsayar a taron Kusɗanɗiniyya na shekarar 381 ta tabbatar. Ƙofar shiga addini ce, suna ganin ta wankin zunubi da sabuwar haihuwa. Cocin Habasha yana yi wa yaro a kwana 40, yarinya a kwana 80, a nutsar da jariri sau uku da sunan Triniti. Su kansu sun saɓa: a shekarar 1525 wasu a Zurich suka ce sai baligi mai hankali, kuma har yau akwai coci-coci a kan wannan ra'ayi.

To, ina kamar wannan da wankan janaba, wanda ake maimaitawa duk lokacin da sababinsa ya samu? Ko wankan shiga Musulunci ma ba shi ne ke musuluntar da mutum ba. Wanda ya furta kalmar shahada ya zama Musulmi tun kafin ya taɓa ruwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai wa'azin ya bar hujja mai ƙarfi ya kama mai rauni. Malaman tafsiri irin su Bagawi da Ƙurɗubi sun yi maganar ma'amudiyya a aya ta 138 ta Suratul Baƙara, wajen kalmar "sibga", wato rini. Wanda ya taɓa ganin marina ya san yadda farin ƙyalle ke shiga baba ya fito da launin da ba ya barinsa. Ayar tana nuna cewa addinin Allah shi ne rinin gaskiya, alamarsa a zuciya da aiki take fitowa. Haɗa wannan da hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim a kan cewa kowane jariri bisa fiɗira ake haihuwarsa. A nan saɓaninmu da su yake: mu ba mu yarda jariri yana zuwa da wani abin da sai ruwa ya wanke ba, ba mu yarda da Triniti ba. Wannan ya isa a faɗa a fili, babu kunya, babu ƙari.

Ya 'yan'uwa, aya ta 8 ta Ma'ida ta hana ƙiyayya ta sa mu bar adalci, ta 46 ta Ankabut kuma ta umarce mu da kyakkyawar hanya wajen jayayya da Ahlul Kitabi. Kada mu manta ƙasar waɗannan mutane ce ta karɓi sahabbai a wurin Najjashi lokacin da Makka ta yi musu zafi. Kirista da ya ji ka yi wa addininsa ƙarya a abin da ya sani, ta yaya zai gaskata ka a abin da bai sani ba?

Ina roƙon wanda wa'azin ke cikin wayarsa ya daina turawa, iyaye kuma su tsawata wa yara. Wallahu a'alam. Allah Ya sa mu dace.