Ɗan Maraya Jos Da Kuntiginsa

An haifi Adamu Ɗan Maraya a Bukuru cikin 1946, ya rasu a Jos cikin 2015. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, sai sarkin da ubansa ke yi wa kiɗa ya riƙe shi. Da ya bi gado, da a fada zai ƙare. Amma sai ya ɗauki kuntigi, watau ɗan gwangwani rufe da fata, mai tsirkiya ɗaya tak.

Mai suka yana iya cewa kiɗan nan ba ya sakewa, kullum amo ɗaya. Da gaskiyarsa, gama wanda ba ya jin Hausa zai gaji da shi tun kafin waƙa ta raba. Amma wannan rashi shi ya zama arzikin Ɗan Maraya. Makaɗin da ba shi da 'yan amshi, ba shi da kalangun da zai fake a bayansu, tilas maganarsa ta yi nauyi.

Waƙarsa ta Karen Mota ita ce shaida. Duk wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya ga yaran mota suna ta lodi cikin rana, babu mai kiran sunansu sai da tsawa, zai gane wanda aka yi wa waƙar. Makaɗan fada sun tsare sunayen sarakuna, sun kuwa kyauta. Ɗan Maraya ya ga talaka ba shi da makaɗi, ya zama nasa.