Sanyi Daban, Ɗari Daban

'Yan uwana mata, kwanan baya ina cikin motar Gwaram zuwa Birnin Kudu na buɗe wani littafin soyayya. Labari ya ɗauko daɗi ke nan, sai marubuciyar ta ce wai ana tsakiyar marka, watan Agusta, ɗari ya kama amarya. Haba baiwar Allah! Ina ɗari ina marka?

Sanyi kalma ce mai faɗi. Ruwan randa yana da sanyi, ɗaki bayan an ɗauke ruwa yana da sanyi, har ciwon nan namu da ba a faɗa gaban maza sunansa ke nan. Shi kuwa ɗari busasshe ne, iskar hunturu ke kawo shi daga hamada wajen Disamba da Janairu. Shi ne mai fasa leɓe da dunduniya har ki nemi man kaɗanya, shanya kuma ta bushe kafin azahar. A sanyin marka fa, zane sai ya kwana biyu a igiya, itace ya ƙi kamawa, ki sha hayaƙi.

Ni dai daga shafin nan na daina ganin ruwan da ta ce ana yi. Ƙura nake gani, amarya tana kaushi.