Faifan Garmaho da Zubin Waƙar Baka: Tsokaci a Kan Ɗanmaraya Jos

Manazarta waƙar baka sun saba duba jigo da salo da zubi da tsari, amma ba kasafai suke tambayar ta wace hanya waƙar ta iso kunnensu ba. Mu a ganinmu wannan giɓi ne babba, domin kuwa da yawa daga cikin waƙoƙin da muke rubucewa muna feɗewa a aji, daga faifai ko kaset aka ɗauko su.

Ƙaramin faifan nan mai faɗin inci 7, mai juyi 45 a minti ɗaya, kamfanin RCA Victor na Amurka ne ya fito da shi a shekarar 1949. Kowace fuska tasa ba ta ɗaukar fiye da 'yan mintoci, kamar dai tsohon faifai mai juyi 78 da ya gabace shi. To, makaɗin fada fa? Shi ya saba kafa gindin waƙa, ya yi ta jero mata ɗiya, 'yan amshi na karɓa, yana ƙari yana ragi gwargwadon yadda ya ga fuskar ubangidansa da irin kyautar da ta fito. Idan aka tsayar da shi gaban na'urar ɗaukar murya, dole ya datse. Abin da ya rage a faifan yanki ne kawai, amma sai mu riƙe shi a matsayin waƙar ɗungurungum.

A nan ne Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos ya bambanta. An haife shi a Bukuru a 1946, mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma sarkin ne ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensa. Duk da wannan tushe na fada, sai ya ɗauki kuntigi, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya wanda ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Ba 'yan amshi, ba tarin makaɗa. Waƙa irin tasa, mai ɗaukar batu guda ta warware shi cikin ɗan lokaci, ba ta asarar komai idan ta shiga faifai. Dubi "Waƙar Karen Mota": mutum ɗaya, sana'a ɗaya, wahala ɗaya. Haka "Jawabin Aure", inda yake kwaikwayon muryar miji da ta mata, har waƙar ta zama tamkar ɗan gajeren wasan kwaikwayo wanda kunne kaɗai ya isa a fahimce shi. Ba mu ce faifai ne ya haifi wannan zubi ba. Cewa muka yi zubin ya dace da faifai, shi ya sa ya yi nisan tafiya.

Jos kanta ta taimaka. Gari ne da haƙar kuza da jirgin ƙasa suka tara wa ƙabilu iri-iri, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da tasha. Mai waƙa a irin wannan wuri ba zai dogara da zurfafan kirarin sarauta ba, sai ya sauƙaƙa harshe. Faifai da rediyo, musamman Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, suka kai wannan sauƙaƙƙiyar Hausa ga mutanen da mawaƙin bai taɓa gani ba. Wanda ba ya gaban mawaƙi kuwa ba a yi masa kirari don ya yi kyauta. Sai dai a ba shi labarin da zai ga kansa a ciki. Ta haka talaka ya zama abin waƙewa, ya kuma zama mai saye.

Da kaset ya yaɗu, sai ƙa'idar mintoci ta faɗi, garmaho ya koma ƙarƙashin gado. Ɗanmaraya ya rasu a watan Yuni na 2015. Ɗalibin da zai yi nazarinsa yanzu, kafin ya ƙirga ɗiyan waƙa, wajibi ne ya fara tantance ko abin da ke hannunsa ɗaukar faifai ce, ko ta gidan rediyo, ko ta dandali.