Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Sharhi a Kan Fim Ɗin The Imitation Game

Tun da fim ɗin The Imitation Game ya fito a 2014, ya zama ƙofar da mutane da yawa suke bi su san Alan Turing, masanin lissafin nan na Ingila da ya yi aikin warware saƙonnin sirrin sojojin Jamus a Bletchley Park lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Morten Tyldum ne ya ba da umarni. Graham Moore ya tsara labarin daga littafin da Andrew Hodges ya wallafa a 1983, har ya ci kyautar Oscar da shi. A gaskiya fim ne mai riƙe mai kallo, kuma Benedict Cumberbatch ya iya nuna kaɗaicin mutumin da hankalinsa ya yi wa na jama'a nisa. Sai dai duk fim ɗin da ya ce a kan labarin gaske aka gina shi ya ɗauki alkawari, kuma da wannan alkawarin za mu auna shi.

Enigma na'ura ce mai kama da keken rubutu. Idan aka danna harafi, wutar lantarki takan ratsa ta wasu faya-fayai masu juyawa, sai wani harafi dabam ya haska. Kowace dannawa tana juya faifai, don haka harafi ɗaya ba ya yawan fitowa da fuska ɗaya. Jamusawa suna sauya saitin kullum, kuma adadin saitin da zai yiwu ya kai kusan 159 da sifili 18 a bayanta. Fim ɗin ya bayyana wannan da kyau. Inda ya kauce shi ne wajen nuna cewa mutum ɗaya ne ya tunkari dutsen, sauran kuwa suna yi masa dariya.

Ba a Ingila aka fara fasa Enigma ba. A ƙarshen 1932, wani matashin masanin lissafi ɗan ƙasar Foland, Marian Rejewski, ya gano yadda aka haɗa wayoyin cikin faya-fayan ta hanyar lissafi. Shi da Jerzy Różycki da Henryk Zygalski sun yi shekaru suna karanta saƙonnin Jamus. A watan Yulin 1939, ana saura makonni yaƙi ya ɓarke, suka miƙa abin da suka sani ga Birtaniya da Faransa a wani taro kusa da birnin Warsaw. Shekara shida da rabi na wahala, amma a fim ɗin ambato ne na wucewa kawai suka samu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na'urar da muka ga Turing yana ƙerawa da hannunsa, wadda fim ɗin ya raɗa wa suna Christopher, asalin sunanta Bombe, kuma ta farkon da aka kammala a 1940 ana kiranta Victory. Turing ne ya tsara ta, babu musu. Gordon Welchman ya ƙara mata wani allo da ya ninka amfaninta, injiniya Harold Keen da ma'aikatansa suka ƙera ta a garin Letchworth. An yi sama da 200, kuma matan rundunar sojan ruwa ne suka riƙa sarrafa su dare da rana. Zuwa ƙarshen yaƙin ma'aikatan Bletchley sun doshi dubu tara, kusan kashi uku cikin huɗu mata ne. Fim ɗin ya matse su zuwa mutum biyar ko shida a ɗaki ɗaya.

Wurin da ya fi sosa mana rai, mu da muke aikin rubuta manhaja, shi ne inda aka nuna na'urar tana ta juyawa a banza, sai wata hira a mashaya ta sa Turing ya farga cewa akwai kalmomin da Jamusawa suke maimaitawa kullum. A zahiri a kan wannan dabarar aka gina Bombe tun farko. Masu aikin sukan yi hasashen wani ɓangaren saƙo, kamar rahoton yanayi. Da yake Enigma ba ta taɓa mayar da harafi ya zama kansa, sukan gane inda hasashen zai iya zama. Daga nan na'urar ta riƙa watsar da duk saitin da ya ci karo da kansa. Wannan shi ne ainihin basirar Turing. Da aka mayar da ita sa'ar dare ɗaya, shi ma an rage masa daraja.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Fim ɗin ya sa John Cairncross, ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, a cikin tawagar Turing, ya nuna Turing ya gano shi amma ya yi shiru na wani lokaci don tsoron kada a tona nasa asirin. Cairncross ya yi aiki a Bletchley, amma a wani sashe dabam, kuma masana tarihi ba su sami shaidar cewa sun yi hulɗa ba. Turing mutum ne da kotu ta hukunta a 1952 saboda alaƙa da ɗan'uwansa namiji, aka tilasta masa shan magani, ya rasu a 1954 yana da shekara 41, sai a 2013 aka yi masa afuwa. A ƙara masa laifin rufa wa maci amanar ƙasa asiri don labari ya yi armashi, wannan ƙazafi ne ga mamaci.

Haka kuma fim ɗin ya bar mai kallo da zaton Bombe ce kakar kwamfuta. Na'urar lantarki da ta fi cancantar wannan matsayi a Bletchley ita ce Colossus, wadda injiniyan gidan waya Tommy Flowers ya ƙera da bututun lantarki kusan 1,600, ta fara aiki a farkon 1944 don warware wani sirrin dabam mai suna Lorenz. Babbar gudummawar Turing ga kwamfuta tana cikin maƙalarsa ta 1936, inda ya nuna cewa na'ura ɗaya za ta iya yin aikin kowace na'urar lissafi idan aka ba ta umarnin da ya dace.

Wani zai ce fim ba littafin tarihi ba ne, kuma dole a taƙaita. Mun yarda. Amma abin da marubuci ya zaɓi ya yar yana nuna abin da ya ɗauka da muhimmanci. Wasiƙar da aka aika wa Churchill a watan Oktoban 1941 mutum huɗu ne suka sa mata hannu, suna roƙon ƙarin ma'aikata. Fim ɗin ya mayar da ita ta mutum ɗaya mai neman shugabanci. Gaskiyar ba ta fi ƙaryar tsawo ba, ba ta kuma gaza ta daɗi ba.

Marubutanmu da suke son kawo labaran kimiyya cikin Hausa su lura da wannan. Yarinyar da aka koya wa cewa kwamfuta aikin wasu tsirarun mutane ne da aka haifa da baiwa za ta duba kanta ta ja baya. Idan ta ji labarin dubban matan da suka riƙe waɗancan na'urori, da injiniyan gidan waya, da matasan Foland uku, za ta ga akwai gurbin da zai ɗauke ta. A kalli fim ɗin don wasan Cumberbatch, sannan a nemi littafin Hodges.