4.3 Tasirin Sauya Murya a Fim ɗin Drunken Master

Kamar yadda aka nuna a babi na uku, barkwancin finafinan kunfu iri biyu ne, wato na motsin jiki da na ma'ana. Na farko ba ya buƙatar tafinta. Idan Jackie Chan ya yi tangaɗi irin na mashayi yana dukan abokin gaba, mai kallo a Badarawa zai yi dariya daidai da na Hong Kong.

Na biyun ne sauya murya ke yi wa illa. A wannan fim na Yuen Woo-ping (1978), Chan ya fito ne a matsayin Wong Fei-hung, mai magani kuma gwanin faɗa da ya rasu a 1925, wanda mutanen kudancin Sin ke girmamawa ƙwarai. Tsofaffin finafinai sun saba nuna shi dattijo mai kamun kai. Abin dariyar shi ne a mayar da irin wannan mutum yaro gagararre, har mahaifinsa ya miƙa shi ga mashayi don horo. Amma da aka sauya muryoyin zuwa Turanci, sai aka raɗa masa suna Freddy Wong, wanda ba kowa ba ne.

Saboda haka, mai sauya murya zuwa Hausa da ya dogara ga kwafin Turanci ya gaji asarar tun kafin ya buɗe baki. Zai iya cike giɓin da habaici da karin magana, a yi dariya, amma a ganin mai wannan bincike, barkwancinsa ake yi wa dariya, ba na fim ɗin ba.